Ranar da na hana Baba waƙa

Shekarun baya, ban daɗe da fara aikin jinya a wani asibiti a Bronx ba, na kawo mahaifina New York a duba masa ido. Baba ya yi kusan shekara arba'in yana jagorantar mawaƙan cocinmu a gida. Wanda ya koya masa waƙa wani tsohon ɗan mishan ne mutumin Wales, shi ya sa tun muna yara muke shan labarin wata babbar majami'a ta dutse a can, inda ake waƙa kullum da yamma ko da mutum uku ne suka zo. Baba bai taɓa taka Wales ba, amma in yana ba da labarin sai ka rantse a cikinta aka yi masa baftisma.

Wata rana abokiyar aikina ta ce mini mawaƙan wata tsohuwar majami'a daga Wales sun zo, za su yi sujadar yamma a Manhattan ran Lahadi. Ranar, tun azahar Baba ya saka babbar rigarsa ya zauna a bakin gado yana jirana. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, wai na waye, har yadda ake zama a jirgin ƙasa sai da na koya masa.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, a irin wannan sujada yawancin waƙoƙin mawaƙa ne kaɗai ke yi, jama'a sauraro ne nasu. A cocinmu kuwa, in aka ɗauki waƙa ka yi shiru, sai an tambaye ka ko lafiya. Can wajen ƙarshe suka ɗauki wata waƙa da yarensu, ashe irin muryar wadda Baba ke rerawa da Hausa ce. Sai na ji ya shiga da muryarsa mai kauri, ido a rufe, hawaye na bin kumatunsa. Mutane suka fara waiwayowa. Na damƙe hannunsa da ƙarfi na ce, "Baba, don Allah ka yi shiru. A nan ba a yi, kana ba ni kunya."

Ya buɗe ido ya dube ni, ya daina waƙar.

Da aka tashi, wani dattijo cikin mawaƙan ya biyo mu har bakin ƙofa yana tambayar wanda ya yi waƙar. Na fara ba shi haƙuri, sai ya katse ni. Ya ce haka kakansa ke bin waƙar ta ƙasa da murya mai kauri a ƙauyensu, rabonsa da jin wannan salon tun yana yaro, kuma babu shi a littafinsu. Ya roƙi Baba ya maimaita masa don ya rubuta. Baba yana jin Turanci sarai, amma da Hausa ya amsa, yana kallona: "Gaya masa 'yata ta ce a nan ba a yi." Na roƙi Baba, amma ya gyara hularsa ya fita.

Ya ƙara wata biyu a gidana. Mutumin da ko shayi yake haɗawa sai ya yi waƙa, ban sake jin ta a bakinsa ba. Na nemi gafara ya fi sau goma, kullum amsarsa, "Ba komai, uwata." Bayan shekara biyu ya rasu a gida. A wajen jana'izarsa aka ɗauki waccan waƙar, na kasa kunne ko wani zai bi ta ƙasa kamar yadda yake yi. Babu wanda ya iya.

Har yau abin yana ci mini rai, kuma ba na jin haushin kowa sai kaina. Mutanen da suka waiwayo, waɗanda na wulakanta ubana don su, wallahi ko fuskar mutum ɗaya ban iya tunawa.