Wurin Ɗaure Saniya

Abokaina biyu ne suka ja ni birni, wani ɗan Bebeji da wani ɗan Kiru, a hutun bazara na shekararmu ta ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ɗan Bebejin nan bakinsa ba ya hutawa. Ya ce kawunsa yana da shago a Fagge, mu je mu kwana biyu mu ga inda za mu zauna in an ba mu aiki, mu daina ƙauyanci. Suka ɗauka zan yi gardama, don sun san halina, sai suka ga na riga su ɗaure akwati. Ba su san aike ne ke gare ni ba.

Kowace shekara in an gama girbi, akwai wani Bafulatani da yake kafa rugarsa a gonar babana, can gefen Doguwa, gindin duwatsu. Shanunsa su ci kara da harawa, su bar mana taki, in ruwan shuka ya sauka su tashi. Tare muka girma da 'yarsa, rani rani. Ita ke kawo wa innata nono, ni kuma kullum sai an rasa ni a gida a daidai lokacin da za ta koma. A hutun da ya gabata na yi ta maza na gaya mata ina sonta da aure, na kuma gaya mata ƙila birni za a kai ni koyarwa. Tana da wata farar saniya da babanta ya ba ta tun tana goye. Ta daɗe tana goge bakin ƙwarya da yatsa, sannan ta ce:

"Ɗan makaranta, ka je ka dubo mini. In akwai inda za a ɗaure saniya, zan bi ka."

To da wannan na shiga Kano.

Abokaina suka haukace. Ɗan Kiru ya tsaya gaban famfo yana murɗawa yana rufewa har mai gadin wurin ya kore shi. Ya rantse shi dai gidan da ke da famfo da lantarki zai zauna, ko da ɗaki ɗaya ne. Ɗan Bebeji kuwa Fagge ta tafi da imaninsa: kekuna, masu shayi, ƙarar jirgin ƙasa, dalar gyaɗa da ta fi kowace kuka tsawo. Ni kuwa duk lungun da muka shiga sai in leƙa bayan gida. A Fagge babu ko inda akuya za ta miƙe ƙafa. Cikin kasuwar Kurmi kafaɗa ce ke gugar kafaɗa. Da suka matsa mini da tambayar me nake leƙe haka kamar wanda ya yar da allura, na faɗa musu. Kai, da ma ban faɗa ba. Har muka tsufa ɗan Bebeji bai daina ce mini Malam Mai Saniya ba. A ranar na kusa kai masa mari a gaban kawunsa.

Rannan da hantsi muka hau Dala. Su suna nuna rufin kwano da hasumiyar masallaci, ni na juya yamma. Ashe cikin ganuwa akwai fili! Gonaki ne shimfiɗe har gindin Goron Dutse, ga kududdufai, ga wasu shanu can suna kiwo hankalinsu kwance. Na gangara da gudu, suka biyo ni suna zagina. Na sami wani dattijo yana gyaran darni, na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi ko baƙo zai sami wurin zama a nan har da dabba. Ya ce ai nan mutane suke nema, in na tashi in zo ya kai ni wajen mai unguwa. Akwai wata tsamiya kusa da gidansa. A raina har na kafa turke a ƙarƙashinta.

Ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Na saya wa abokaina tsire, ni da ko goro ba na rabawa.

Muna komawa Fagge da la'asar hadari ya taso daga gabas. Muka fake a rumfar wani tela, ruwa ya tsuge a kan kwano, yara suka fito tsirara suna tsalle. Ɗan Kiru yana cewa ku ji ƙamshin ƙasa. Ni kuwa sai na tuna da rugar da ke gonarmu. Mu mutanen kudu ruwa yana riga birni sauka a wajenmu. In har ya zo Kano, to babana ya daɗe da yin shuka.

Da safe na hau lori zuwa Tudun Wada, daga nan na ci sauran da ƙafa. Ban biya ta gida ba, gona na nufa. Dawa har ta tsiro. Babu bukka, babu dangwalin da ake ɗaure 'yan maruƙa, sai ramukan turaku da ruwa ya cika.

Na ce wa kaina ba komai, ai da kaka za su dawo. Innata ce ta zaunar da ni. Ta ce wannan tashin ba irin na kullum ba ne, 'yan'uwan Bafulatanin sun zo daga can kudu mai nisa sun ce ciyawa ta fi yawa, ya yi sallama da babana har da hawaye. Ta ce yarinyar ta zo ran da za su tashi, ba ta kawo nono ba, ta zauna a bakin ƙofa tana kallon hanya har aka aiko kiranta.

"Cewa ta yi in ka dawo in tambaye ka, wai ka samu wurin?"

Na yi kuka a gaban innata, ƙato da ni, ban ji kunya ba.

Da muka gama karatu abokaina suka sami birninsu. Ɗan Kiru ya sami famfonsa. Ni ma an ce in zaɓa, na ce a kai ni makarantar ƙauye mafi kusa da gidanmu. Suka ce na yi hauka, na ce haukan nawa ne. Duk kaka in na taso daga makaranta sai na bi ta gonar babana. Fulani sun yi ta zuwa, ina gaishe su ina tambaya, wannan ya ce ya ji labarinsu a gabas, wancan ya ce a kudu. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, matata mutuniyar kirki ce kuma ta san labarin nan. A nan na tsufa.

Da jikana ya kai ni asibiti a birni, na sa shi ya bi da ni ta Goron Dutse. Gidaje ne ko'ina, tsamiyar ma babu ita. Ya ce me nake nema. Na ce wani aike aka yi mini, na kuwa samo, wadda zan gaya wa ce ban gani ba.