Baƙin hayaƙi ba na Baba ba ne

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, na ɗauko mahaifina daga Zariya na kawo shi wurina a Hyattsville, can ƙasar waje. Tun da ya sauka ya kame bakinsa. A gaishe shi ya amsa da ka, a ajiye tuwo ya ci loma biyu ya ture. Yana ta ramewa ina kallo. Likita ta ce jikinsa lafiya, in nemo abin da zai ja hankalinsa.

Ni ban yi boko mai nisa ba, motar kaya nake tuƙawa. Amma na san abu ɗaya: Baba ya yi ƙuruciyarsa a reluwe, shi ne mai zuba wa jirgin ƙasa kwal da shebur. Sai na je wani shago a Gaithersburg na sayo ƙaramin jirgi irin na wasa, mai kuka da hayaƙi, na shimfiɗa layinsa a falo.

Jirgi ya zaga sau uku. Baba ya karkata kunne ya ce, "Wannan jirgin maƙaryaci ne."

Wata biyu ban ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa ba.

Na ce, "Baba, ina ƙaryar?"

"Jirgin gaske, in ƙafarsa ta juya sau ɗaya, numfashi huɗu yake yi. Naka biyu yake yi. Ko asma gare shi?"

Na koma shagon. Tsohon Baturen da ke wurin ya ce Baba yana da gaskiya, ya ba ni 'yan ƙwayoyin maganaɗisu in manna a ƙafar jirgin, su ne za su ƙara yawan numfashin. Da waɗannan yatsun nawa kamar rogo, Lahadi uku na yi ina fama. Ran da numfashi ya cika huɗu, Baba ya gyaɗa kai, ya koma shirunsa.

Na ce to saura hayaƙi. Na jirgin fari ne siriri, kamar na turaren wuta. Ni kuwa jirgin da na sani ina yaro baƙin hayaƙi yake turnuƙewa da shi. Bature ya ce irin wannan ba ya yin baƙi. Na ce a raina, zai yi. Na ɗebo baƙin mai daga garejin wurin aiki na ɗiga masa a maimakon man da ke ba shi hayaƙi.

Baƙi dai bai yi ba, amma ya yi wari. Ƙararrawar gobara ta ɗauka, maiɗakina ta fito da tawul tana kaɗawa. Ta ce, "Malam, da girmanka da furfurarka, jirgin yara ne zai sa a kore mu daga gidan haya?"

Sai na ji dariya a bayana. Baba ne.

Ya ce, "Me kake nema?"

"Baƙin hayaƙi, irin naku."

"Irin nasu dai. Baƙin hayaƙi na rago ne, wanda ke jibga kwal lokaci ɗaya don ya samu ya zauna. Ni kaɗan-kaɗan nake watsawa, nawa fari-fari yake fita." Ya dubi jirgin. "Uwarka daga tsakar gida take gane shi. In ta hango baƙi ta ci gaba da wankinta. In ta hango fari ta ɗora tukunya."

Ranar ce ya fara ambatonta tun da aka binne ta.

Na wanke ɗan bututun jirgin, na sa sabon abin hayaƙi, na zuba man da aka yi dominsa. Jirgi ya tashi da farin hayaƙinsa siriri. Baba ya bi shi da ido har ya zagayo, sannan ya juya wajen maiɗakina ya ce, "'Yata, jirgi ya iso. Ina tuwon?"

Ya ƙara shekara huɗu tare da mu, yana ci, yana kushe aikina. Na sha wahala wajen gyara abin da tun farko daidai yake, don ban tambayi mai shi ba. Jirgin na nan a falo. Wani lokaci in na dawo aiki a gajiye nakan kunna shi, in ƙirga numfashin. Har yanzu huɗu ne.