Ranar Kasuwa, Ranar Gwaji

Shekarar da na gama sakandare na samu gurbi a wata ƙaramar kwaleji a gefen Tambuwal. Babu ɗakin kwanan ɗalibai, don haka mahaifina ya ɗauko ni daga Fakku ya damƙa ni hannun amininsa, wani dattijo mai sayar da hatsi. A zaure ya ce masa, "Ga ɗanka nan, ni na fita." Magana ce ta fatar baki da kowane uba ke yi. Dattijon nan kuwa ya riƙe ta hannu biyu.

Ya ba ni ɗaki ni kaɗai, matarsa ta ware mini kwanon tuwo har da man shanu. Makon farko, ranar kasuwa, ya leƙo bayan asuba.

"Ɗana, taho ka kama min bakin buhu. Yanzu-yanzu za mu ƙare."

Yanzu-yanzun nan sai la'asar. Haka ya zama kowane mako. Ina riƙe buhu, yana zuba gero, ƙaiƙayi na cin wuyana, idona na kan masu babur da ke wucewa da 'yan ajinmu. A ranar ce muke shiga ɗakin gwaje-gwaje, sau ɗaya tak a mako, kuma wanda ba a gani ba ba zai zauna jarrabawa ba.

A sakandare, ka yi fashin yini ɗaya an aiko a ji ko lafiya. A nan ba mai cigiyarka. Sau ɗaya malamin gwajin ya tare ni a baranda, ya ce saura ƙiris in rasa shekarar, ya wuce abinsa.

Na sha shirya maganar da zan yi wa dattijon, har da inda zan sa "don Allah". Da na durƙusa gabansa sai in gaishe shi kawai in tashi. Yaya zan dubi mutumin da nake cin tuwonsa in ce ba ni zuwa? Na ji haushinsa, na ji haushin gero, na fi jin haushin kaina. Na je Fakku da niyyar kai kuka, kafin in buɗe baki mahaifina ya ce, "Aminina yac ce ba ka taɓa musa mishi ba. Ka fisshe ni kunya." Na haɗiye maganata na hau mota.

Da aka liƙa sunayen masu jarrabawa, na bi takardar da yatsa sau uku. Babu nawa.

Wani ɗan ajinmu da ya zo sayen dawa ne ya fasa ƙwan, yana yi mini jaje a gaban mai gidan nawa. Dattijon ya aje kwanon awo a hankali, ya dube ni.

"Kana da karatu ranar kasuwa?"

Na sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun farko, Baba."

Ya kai dubansa waje. Ga masu ɗaukar kaya nan birjik a bakin rumfa, ko wanne zai iya riƙe buhun nan.

"Ni ina tammani hutu gare ku," in ji shi. "Don kak ka zamna gida kai ɗai nika kiran ka. Yanzu mi za ni ce ma ubanka?"