Baba Dzarma da Buhunan Jaridun da Suka Rage

Ranar Litinin da safe na kawo ƙanwata Mu'mina laburare a keke Napep ɗina, na tarar da kai durƙushe, kana raba shafukan wata tsohuwar jarida da tsinken tsintsiya. Washegari Talata, 14 ga Janairu, 2025, aka ce ka rasu. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa.

Baba Tahir Dzarma, ni karatuna bai wuce firamare ba, amma na ga aikinka. Da ambaliya ta shiga ɗan laburaren unguwarmu, mu matasa muka kwaso jaridun muka baza a rana kamar kuɓewa, muna ganin taimako muke yi. Ka fito da gudu babu takalmi. "Ku mai da su inuwa, 'ya'yana. Rana murƙushe takarda take yi." Waɗanda muka shanya sun kakkarye. Waɗanda ka busar a inuwa, shafi-shafi, su ɗalibai ke karantawa yau.

Mu'mina na rubuta tarihin masu ɗinkin hula a Kasuwar Litinin, aikinta na gama jami'a. Ta zo maka da abin da ta kwafo a waya. Ka ce, "Wa ya faɗa? Yaushe? Je ki tambayo tsofaffin layin hula, ki dawo mu gwada da jarida." Ta yi fushi, ta je, ta dawo tana godiya.

Jaridun shekarun da take nema suna cikin buhunan da muka kwaso daga ambaliya, waɗanda ba ka kai gare su ba. Ga shi ko sadakar bakwai ba a yi ba, wasu a kwamitin laburaren na cewa buhunan na wari, a ba masu ƙosai. Tun da na ji na kasa zama. Ina ɗauke da fasinja ma sai in karkato in leƙa ko suna nan.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka Hajja Safinatu da yara haƙuri.

Ga kwamiti kuma: a safiyar nan ta Litinin Baba ya miƙo mini tsinken, ya ce, "Mikail, hannunka bai da gaggawa. Ko ba na nan, kada buhu ɗaya ya fita sai an buɗe shi." Na karɓa, kuma zan yi. Ba ni kaɗai na ji ba. Mu'mina na wurin, Yoila mai gadi ma yana tsaye a bakin ƙofa. Ku tambaye su.