Yadi da Buhu

Ga wata a Kasuwar Muda Lawal, siririya kamar tsinken tsire, mayafinta ya sha wanki har ya manta launinsa. Tun ɗazu take shafa yadin yunifom ɗin makarantar kuɗi, tana auna shi kamu-kamu, sai ka ce shafa ce ke shigar da yaro aji. Da gani 'ya gare ta a firamaren unguwa, inda malami ɗaya ke kiwon yara ɗari da ashirin.

Can sai ta saki yadin, ta matsa wurin mai tsofaffin buhuna.

Ya ce, "Hajiya, masara za a zuba?"

"A'a, Malam, kujerar 'yata ce. A ƙasa suke zama. Zaɓo mini mai kaurin da zai kai ta aji shida."