Durƙuso a Waya

Jiya a wani shagon aski a Utako na tarar da dattijon nan da muka taso muna karanta sharhinsa na siyasa a jarida. Ana masa aski, yana ta caccakar wani minista kan rashin ruwa a unguwarmu, Lugbe. Har na fara murna.

Sai wayarsa ta yi ƙara, ashe ministan ne. Dattijo ya zabura da rabin aski, ya durƙusa har ƙasa: "Ranka ya daɗe! Yanzun nan nake yabon aikinka."

Da ya gama na ce, "Baba, ai ba ya ganinka."

Ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Ɗana, manya suna jin durƙuso a murya."

Jama'a, wanda ya saba durƙuso haka, yaushe zai tsaya wa talaka?