Karatun Kasuwancin da Ban Yi Ba

Shagon nan da yau ake sayar da cajar waya a cikinsa, a layin 'yan yadi, na mahaifina ne a da. Shadda yake sayarwa, kuma duk layin an san shi da abu ɗaya: ba ya tantance shadda da ido. Sai ya kama bakin yadi ya murza kusa da kunnensa, ya saurara, sannan ya ce wannan ta gaske ce, waccan jabu. Ban taɓa jin ya kuskure ba.

Ni kaɗai ne ɗa namiji a gidanmu na Ƙofar Sauri, don haka shagon ni yake jira. Da na gama sakandare Baba ya ce jami'a zan tafi in karanto kasuwanci irin na zamani, in zo in ɗaga shagon. Na samu gurbi. Ranar rajista na tarar ashe jami'ar ba ta da sashen kasuwanci kwata-kwata. Wani malami a ofishin ya ga na yi tsaye sororo, ya ce, "Ai ba abin tashin hankali ba ne. Ka ɗauki tattalin arziki, ka riƙa tsintar darussa a gefe, ɗan na akanta nan, ɗan na gudanarwa can. In ka haɗa su ai kasuwanci ne." Na ce to. Me zan ce?

Kafin in dawo gida Baba ya gama shelanta wa layi cewa ɗansa zai yi digirin kasuwanci. Har mai shayi sai da ya yi mini barka. Wallahi na buɗe baki zan gaya masa gaskiya, na ga yadda fuskarsa ke walwala, na haɗiye maganata.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, daga ranar ya hana ni zaman shago. Duk hutu in na je sai ya kore ni. "Tashi ka tahi gida ka yi karatu. Namu na jahilai ne, kada in ɓata maka na malamai." Sau ɗaya na ce, "Baba, koya mini yadda kake jin shaddar nan mana." Ya yi dariya ya ce, "Kai da ake koya maka da na'ura? Bari hwa!"

Shekara huɗu ina zana layukan da ke hawa suna sauka a takarda. Darussan gefen kuwa, lokacin wani ya ci karo da na dole, wani ya cika kafin in isa. Guda biyu na samu, kuma babu inda aka ambaci yadi ko yadda ake tarbar mai saye.

Ina bautar ƙasa shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba. Baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na dawo na buɗe shago.

Sati na biyu wata Hajiya, tsohuwar mai sayen kayansa, ta shigo da shaddar da aka kawo mata tsaraba. Ta ce, "Ɗan Alhaji, kai da ka yi digiri a kan abin, duba mini." Maƙwabta suka miƙo wuya. Na murza a kunne kamar yadda na ga yana yi. Ƙarar yadi kawai na ji. Kunya ta rufe ni, na ce ta bar mini ita zuwa gobe.

Da la'asar na kai wa Baba, yana kwance a tabarma. Na durƙusa na murza masa a kunne. Nan take ya girgiza kai: jabu ce. Sai ya tsura mini ido, ya ɗaga hannun da ke motsi ya tura yadin zuwa kunnena. Na murza. Ya sake turawa, bakinsa na motsi, ba abin da ke fita. Na murza, na sake murzawa, har yatsuna suka yi zafi. Ban ji komai ba, kuma ya ga ban ji ba. Ya saki yadin ya juya fuskarsa bango.